Ziyarar Kiristocin Zariya zuwa Ƙasa Mai Tsarki

Ziyarar Kiristocin Zariya zuwa Ƙasa Mai Tsarki tafiya ce ta ibada da mabiya addinin Kirista mazauna Zariya da kewayenta, a jihar Kaduna, suke yi zuwa wuraren da Littafi Mai Tsarki ya ambata a ƙasashen Isra'ila, Falasɗinu, Jodan da Masar. Tana cikin tsarin ziyarar da ake shirya wa Kiristocin Najeriya baki ɗaya, ko dai ta hannun hukumar gwamnati ko ta hannun coci-coci da kamfanonin tafiye-tafiye. Urushalima, Baitalami da Nazarat su ne wuraren da aka fi sani, amma kaso mai yawa na tafiyar ta cikin hamada ake yin sa: jejin Yahudiya, gaɓar Tekun Gishiri, hamadar Negeb, yankin Sina'i da tsaunukan Jodan. Wannan ɓangare shi ne ya fi gajiyar da jiki, kuma shi ne ya fi sauyawa daga shekara zuwa shekara saboda matsalar tsaro.

A addinin Kirista wannan ziyara ba wajibi ba ce, ba ta da ƙayyadadden wata, kuma ba ta da jerin ayyukan da sai an cika su kafin ta inganta. Duk da haka, a arewacin Najeriya ta ɗauki kamanni da yawa daga aikin hajjin Musulmi, a tsarin hukumominta da kuma darajar da ake ba wanda ya je ya dawo.

Suna da kalmomi

Kalmar ziyara daga Larabci take. Musulmin ƙasar Hausa suna amfani da ita ga tafiya zuwa Madina ko zuwa kaburburan bayin Allah, kamar Hubbaren Shehu a Sakkwato, sannan su keɓe kalmar hajji ga aikin Makka. Kiristoci masu magana da Hausa sun ɗauki ziyara, ko ziyarar ibada, ga tafiyar Ƙasa Mai Tsarki, ko da yake a bakin jama'a da wasu kafofin watsa labarai akan ji ana cewa "hajjin Kirista". Wanda ya je ya dawo yakan ƙara haruffan JP a bayan sunansa. Haruffan taƙaitawa ce ta wata jimlar Turanci mai nufin wanda ya ziyarci Urushalima, kuma a zamantakewa suna yin aikin da laƙabin Alhaji da Hajiya yake yi a wajen Musulmi.

Wurare da yawa suna da suna biyu a Hausa, ɗaya daga fassarar Littafi Mai Tsarki, ɗaya daga Larabci ta hanyar Musulunci. Birnin da Kiristoci suke kira Urushalima shi ne Musulmi suke kira Ƙudus ko Baitul Muƙaddas. Dutsen Sina'i shi ne Ɗuri Sina a karatun malamai, mazauna wurin kuma suna ce masa Jabal Musa. Kogin Urdun shi ne kafofin watsa labarai suke kira Kogin Jodan. Tekun Gishiri kuma shi ne wasu marubutan zamani suke kira Mataccen Teku.

Akwai wani bambanci da ya shafi yadda mai karatu yake hango wuraren. A wurare da yawa fassarar Hausa ta yi amfani da kalmar jeji, kamar jejin Yahudiya da jejin Sina'i. A ƙasar Zazzau jeji wuri ne mai itatuwa da ciyayi da namun daji, inda ake farauta da kiwo da yin itace. Abin da mai ziyara yake tararwa a gabashin Urushalima ko a Sina'i kuwa duwatsu ne tsirara da kwazazzabai busassu, babu inuwa sai ɗaiɗaikun ƙayoyi. Kalmar da ta fi kusa da wannan yanayi ita ce hamada, wadda ita ma daga Larabci take, inda asalinta yake nufin fili mai duwatsu, ba tulin rairayi ba.

Kiristanci a Zariya da hanyar Sahara

Shigowar Kiristanci birnin Zariya tana da alaƙa da tsohuwar hanyar hamada da fatake da alhazai suke bi. A ƙarni na 19 akwai Hausawa da dama a Tarabulus da Tunis, wasu 'yan kasuwa, wasu bayi da aka 'yanta, wasu kuma matafiya zuwa Makka. Saboda haka Turawan mishan da suke son koyon Hausa sukan fara zuwa can. Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a shekarar 1894 kuma daga baya ya wallafa ƙamus na Hausa, ya fara karatun harshen ne a Arewacin Afirka. Haka ma likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya zauna a Tarabulus a ƙarshen shekarun 1890. A can ya haɗu da wani yaro mai suna Abdul Majid, wanda aka fi sani da Audu, da ya ƙetaro Sahara a kan hanyar zuwa Makka. Daga baya yaron ya zama abokin aikinsa.

A shekarar 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci wani ƙaramin ayari, har da Miller, suka ratsa ta Zariya a zamanin Sarki Kwasau suka isa Kano. Sarkin Kano Aliyu Babba bai ba su izinin zama ba, sai suka koma Girku, a kudu da Zariya. A shekarar 1905 Miller ya samu wurin zama a cikin ganuwar birnin Zariya, a Durumin Maigarke, inda ya buɗe ɗakin magani da makaranta, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. A shekarar 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, a wajen ganuwa kusa da duwatsun Kufena, aka gina Cocin St. Bartholomew da ƙasa bisa salon ginin Hausawa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarar 1932, Miller yana cikin manyan masu fassara shi, sannan wata sabuwar fassara ta fito a 1979. Sunayen wurare irin su Yariko, Baitalami da Kafarnahum ta wannan hanya suka zama sanannu ga Kiristocin arewa tun kafin mafi yawansu su samu damar ganin wuraren.

A yau mazauna cikin birni galibi Musulmi ne. Kiristocin Zariya sun fi yawa a Wusasa, Sabon Gari, Samaru da unguwannin da ke kusa da makarantu da barikin soja, kuma daga waɗannan wurare ne masu ziyara suke fitowa. Akwai Angilikan, da Katolika waɗanda aka kafa musu diyosis na Zariya a shekarar 2000, da ECWA, da Baftis, da coci-cocin Fentikos.

Asalin ziyarar hamada a Kiristanci

Ziyarar Kiristoci zuwa Falasɗinu ta bunƙasa a ƙarni na 4, bayan da Sarkin Rum Konstantin ya ba addinin 'yanci. Mahaifiyarsa Helena ta ziyarci ƙasar wajen shekarar 326, aka kuma keɓe cocin da aka gina a kan kabarin Yesu a 335. Wani matafiyi daga Bordeaux da ke Faransa ta yau ya rubuta zangon tafiyarsa a 333. Wajen shekarun 381 zuwa 384 wata mace mai suna Egeria ta zaga yankin, ta hau Dutsen Sina'i da Dutsen Nebo, ta kuma bar bayanin yadda ake karanta nassin da ya dace da kowane wuri a yi addu'a. Wannan tsari, wato a tsaya, a karanta, a yi addu'a, a wuce, shi ne ayarin masu ziyara suke bi har yanzu.

Hamada tana da matsayi na musamman a labaran Littafi Mai Tsarki. Littafin Fitowa ya ba da labarin fitar Isra'ilawa daga Masar da karɓar Dokoki Goma, wasu littattafan kuma suka ci gaba da labarin shekara arba'in da suka yi a jeji. Annabi Iliya ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb. Yahaya Mai Baftisma ya yi wa'azi a jejin Yahudiya, Yesu kuma ya yi azumin kwana arba'in a jeji inda aka gwada shi. Daga ƙarshen ƙarni na 3 wasu Kiristoci suka fara ƙaura zuwa hamada domin kaɗaita da ibada. Mafi shahara a cikinsu shi ne Antoni na Masar, wanda ya rasu a 356. Daga irin wannan rayuwa ne gidajen sufaye suka samo asali, kuma wasu daga cikinsu suna nan ana zaune a ciki har yau.

Tsarin ziyara a Najeriya

Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Isra'ila a watan Oktoba na 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, tare da yawancin ƙasashen Afirka. Shugaban ƙasa a lokacin shi ne Janar Yakubu Gowon, Kirista wanda ya tashi a Wusasa. An maido da hulɗar a 1992 a zamanin Janar Ibrahim Babangida, abin da ya sauƙaƙa samun biza da shirya jirage.

A shekarar 2007 aka yi dokar da ta kafa hukumar kula da ziyarar Kiristoci ta ƙasa, wadda aka fi sani da NCPC, shekara guda bayan dokar da ta kafa hukumar alhazai ta NAHCON. John Kennedy Opara ne sakataren zartarwarta na farko. Bayansa an yi Tor Uja da Yakubu Pam, sannan aka naɗa Bishop Stephen Adegbite a 2024. Hukumar ce take tsara jirage, masauki da kamfanonin da za su karɓi baƙi a can, hukumomin jihohi kuma su yi rajista da tantance mutane. A watan Oktoba na 2013 Goodluck Jonathan ya yi wannan ziyara yana kan kujerar shugaban ƙasa.

Mai niyya daga Zariya yakan yi rajista a Kaduna, mai nisan kimanin kilomita 80, ko ta hannun cocinsa. Ana buƙatar fasfo, gwajin lafiya, da mutanen da za su tsaya masa cewa zai dawo. Ana raba matafiya rukuni-rukuni, kowane rukuni da limamin coci mai jagorantar addu'a, ayarin kuma yana tafiya da ma'aikatan lafiya. Babbar ziyara takan kama daga watan Oktoba zuwa ƙarshen shekara, akwai kuma ta lokacin Ista. Tafiyar takan ɗauki kimanin kwana goma, kuma a cikin ƙasar da manyan motocin safa ake zagayawa.

Jejin Yahudiya da Yariko

Hamadar farko da masu ziyara suke shiga tana farawa ne daga bayan Dutsen Zaitun. Urushalima tana kan tudu, kusan mita 800 sama da matakin teku, Yariko kuma tana kimanin mita 250 ƙasa da shi, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita 40 a mota ba. Mota tana gangara fiye da mita 1,000 a cikin ƙasa da awa guda. Iskar da take ɗauko ruwa daga Bahar Rum tana zubar da shi a yammacin tsaunuka, shi ya sa gabashinsu yake bushe. A wannan hanya Linjilar Luka ta ajiye misalin Basamariye nagari, kuma akwai wurin da ake tsayawa domin tunawa da shi.

A kwarin Wadi Kelt akwai gidan sufaye na St. George, wanda aka fara ginawa a ƙarshen ƙarni na 5, manne a jikin dutse. A gabashin Baitalami akwai Mar Saba, wanda Sabas ya kafa a 483, kuma har yau ba a barin mata su shiga cikinsa. A saman Yariko akwai Dutsen Gwaji, inda al'adar coci ta ce a nan aka gwada Yesu. Cocin Otodoks na Girka ya gina gidan sufayen da ke wurin yanzu a ƙarshen ƙarni na 19, kuma ana hawa ko dai da ƙafa ko a cikin ƙananan akwatuna masu tafiya a kan igiyar ƙarfe. Ita kanta Yariko dausayi ce mai maɓuɓɓugar ruwa da dabino, tana kuma cikin tsofaffin garuruwan duniya. Ana nuna wa baƙi wata bishiya da ake dangantawa da labarin Zakka mai karɓar haraji.

Gabas da Yariko akwai Kasr al-Yahud a bakin Kogin Urdun, inda ake tunawa da baftismar Yesu. An rufe wurin bayan yaƙin 1967 saboda nakiyoyin da aka binne a kewayensa, ba a sake buɗe shi ga kowa ba sai a 2011. Kogin a nan ƙarami ne, ruwansa kuma jajaye-jajaye saboda laka, domin ana janye mafi yawan ruwan tun daga arewa. Masu ziyara sukan sabunta alkawarin baftismarsu a nan ko a Yardenit kusa da Tekun Galili, wasu kuma su ɗebi ruwan a ƙananan robobi su kai gida.

Tekun Gishiri

Gaɓar Tekun Gishiri ita ce busasshiyar ƙasa mafi zurfi a duniya, fiye da mita 430 ƙasa da matakin teku. Gishirin ruwan ya kai kimanin kashi 34 cikin ɗari, kusan ninki goma na ruwan teku, shi ya sa mutum yake yawo a samansa ba ya nutsewa. Ruwan yana ja da baya da kimanin mita ɗaya a kowace shekara, kuma wannan ya jawo ramuka masu rufzawa a gefen gaɓar.

A arewa maso yammacin tekun akwai Kumran. A cikin kogunan da ke wurin wasu makiyaya Larabawa suka tsinci tsofaffin littattafan fata a cikin tuluna wajen 1947, aka ci gaba da gano wasu har 1956 a koguna 11. A cikinsu akwai cikakken kwafin littafin Annabi Ishaya wanda ya girmi haihuwar Yesu. A kudu akwai En-gedi, dausayi mai magangarar ruwa, inda littafin Sama'ila ya ce Dawuda ya ɓuya daga Sarki Saul. Gaba kaɗan akwai Masada, sansanin da Sarki Hirudus ya gina a kan wani dutse mai faɗin kai. Sojojin Rum sun ci wurin wajen shekarar 73 ko 74 miladiyya, a ƙarshen tawayen Yahudawa, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

Negeb da Sina'i

Hamadar Negeb ta mamaye fiye da rabin ƙasar Isra'ila. Garin Biyersheba, wanda ake dangantawa da rijiyoyin Ibrahim da Ishaku, yana bakinta na arewa. Ayarin da zai je Sina'i yakan bi kwarin Araba zuwa Eilat a bakin Bahar Maliya, ya ƙetara iyaka a Taba ya shiga Masar. Wannan hanya ta samu ne bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1979 tsakanin Masar da Isra'ila. An kammala mayar wa Masar Sina'i a 1982, Taba kuma a 1989.

A gindin Jabal Musa akwai gidan sufaye na St. Catherine, wanda Sarki Justiniyan ya sa aka gina tsakanin 548 da 565, a wurin da al'ada ta ce Musa ya ga kurmi yana cin wuta. Yana cikin tsofaffin gidajen sufaye da ba a taɓa daina zama a cikinsu ba, kuma ɗakin karatunsa yana da dubban rubuce-rubucen hannu. Daga nan ne Constantin von Tischendorf ya fitar da Codex Sinaiticus, kwafin Littafi Mai Tsarki da Girkanci na ƙarni na 4, a tafiye-tafiyensa na 1844 da 1859. A cikin ganuwar gidan akwai masallaci tun zamanin Faɗimiyawa, sufayen kuma suna riƙe da kwafin wata takardar amana da ake dangantawa ga Annabi Muhammadu (SAW). UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002.

Tsayin dutsen mita 2,285 ne. Kusa da shi akwai Dutsen Katrina mai mita 2,629, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Masar. Akan fara hawa da tsakar dare domin a ga fitowar rana a sama, a kuma sauko kafin zafi ya yi ƙarfi. Hanya biyu ce. Ta farko hanyar raƙuma ce mai lanƙwasa, wadda take ɗaukar kimanin awa biyu da rabi zuwa uku. Ta biyu matakala ce ta dutse mai hawa kusan 3,750 da sufaye suka sassaƙa, ana kiranta Matakalar Tuba. Duk wadda aka bi, hawa 750 na ƙarshe da ƙafa ake yin su, raƙumi ba ya kaiwa can. Masu ja-gora 'yan ƙabilar Jabaliya ne, Musulmi waɗanda suka daɗe suna aiki tare da sufayen. A ƙololuwar dutsen akwai ƙaramin coci da ƙaramin masallaci kusa da juna. Masana tarihi ba su haɗu a kan cewa wannan shi ne ainihin dutsen da Littafin Fitowa yake nufi ba, wasu suna nuna wasu duwatsu a arewacin Sina'i, Negeb ko arewa maso yammacin Saudiyya, amma al'adar Kirista ta tsaya a kansa tun ƙarni na 4.

Jodan

Jodan da Isra'ila sun ƙulla zaman lafiya a 1994, kuma ana ƙetarawa tsakaninsu ta mashigai uku, ciki har da gadar Sarki Husaini kusa da Yariko. Babban wurin ziyara a nan shi ne Dutsen Nebo, inda littafin Maimaitawar Shari'a ya ce Musa ya hango ƙasar alkawari kafin rasuwarsa. Idan sama ta washe ana hango Tekun Gishiri da Yariko daga samansa. Fafaroma John Paul na Biyu ya ziyarci wurin a shekarar 2000, shekarar da ya je St. Catherine. A garin Madaba akwai taswirar Ƙasa Mai Tsarki da aka yi da ƙananan duwatsu masu launi a daɓen wani coci a ƙarni na 6. Al-Maghtas, a gabashin Kogin Urdun daura da Kasr al-Yahud, ya shiga jerin UNESCO a 2015 a matsayin wurin baftisma. A Mukawir akwai kangon fadar Hirudus inda marubucin tarihi Josephus ya ce an kashe Yahaya Mai Baftisma. Wasu ayarin sukan ƙara da Petra, birnin Nabatiyawa da aka sassaƙa a jikin jan dutse.

Yanayi da lafiya

Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, alhali gaɓar Tekun Gishiri ba ta samun ko 100. Mutumin arewa ya saba da zafin bazara da ƙurar hunturu, amma abu biyu sukan zo masa a baƙo. Na farko shi ne bushewar iska, wadda take shanye gumi nan take har mutum ya rasa ruwan jikinsa bai sani ba. Da rani zafi a kwarin Urdun yana wuce digiri 40. Na biyu shi ne sanyin tsaunuka. A watannin Disamba da Janairu sanyi a saman Jabal Musa yana sauka ƙasa da sifili, har ƙanƙara takan zuba, kuma wannan ya zo daidai da lokacin babbar ziyarar 'yan Najeriya.

Da yawa daga cikin masu ziyara dattawa ne, domin su ne suka fi samun halin biya ko 'ya'yansu su biya musu. Masu hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko ciwon gwiwa su ne hawan dutse da dare ya fi yi wa haɗari, kuma akan shawarce su su tsaya a gindin dutsen. Ruwan Tekun Gishiri yana ƙona ido da rauni, haɗiye shi kuma yana iya kai mutum asibiti. Akwai kuma haɗarin ambaliya: ruwan da aka yi a kan tsaunuka masu nisa yana iya cika busasshen kwari cikin mintuna, ko da babu hadari a inda mutum yake.

Tsaro

Hanyar Sina'i ta fi kowace fuskantar cikas. Bayan juyin juya halin Masar na 2011 an yi ta sace baƙi a kan hanyar St. Catherine. A watan Fabrairu na 2014 wani bam ya tashi a motar masu ziyara Kiristoci 'yan Koriya ta Kudu a Taba, mutum huɗu suka mutu, ciki har da direban ɗan Masar. A watan Afrilu na 2017 an kai hari a shingen 'yan sanda kusa da gidan sufayen. Saboda irin waɗannan abubuwa hawan Dutsen Sina'i ya fita daga jadawalin ayari da yawa.

A watan Maris na 2020 Isra'ila ta rufe iyakokinta ga baƙi saboda annobar korona, sai NCPC ta fara kai masu ziyara Jodan a 2021. Yaƙin Gaza da ya ɓarke a watan Oktoba na 2023 ya sake katse tafiye-tafiye. Ko a lokacin zaman lafiya, ayari yana ratsa yankuna masu hukumomi daban-daban. Baitalami da Yariko suna hannun Hukumar Falasɗinawa, Kumran da Kasr al-Yahud kuma suna Gaɓar Yamma amma a ƙarƙashin ikon Isra'ila, wadda ta mamaye yankin tun 1967. Saboda haka ana bi ta shingayen bincike sau da yawa a rana guda.

Muhawara

Babbar muhawara a Najeriya ita ce ta kashe kuɗin gwamnati a kan ziyara. Masu suka suna kafa hujja da sashe na 10 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, suna kuma cewa kujerun kyauta sukan tafi ga 'yan siyasa da makusantansu. Taron ƙasa na 2014 ya ba da shawarar a daina. A jihar Kaduna, Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sanar a 2015 cewa gwamnatinsa ta daina biya wa mutane kujerar Makka da ta Urushalima. Faɗuwar darajar naira, musamman daga 2023, ta ƙara tsadar kujera ga masu biya da kansu.

Matsala ta biyu ita ce ta masu tserewa daga ayari su zauna a Isra'ila domin neman aiki, abin da ya sa aka tsaurara tantancewa, musamman ga matasa. A cikin coci ma ra'ayi ya bambanta. Wasu malaman Furotesta suna koyar da cewa babu wurin da ya fi wani tsarki, suna kafa hujja da zancen Yesu da matar Samariya a Linjilar Yahaya, suna kuma ganin laƙabin JP a matsayin neman suna. Masu goyon baya suna cewa ganin wuraren da ido yana sauya yadda mutum yake karanta nassi, musamman labaran ƙishirwa, rijiya, inuwa da makiyayi.

Hausawa a Ƙudus

Masu ziyara Kiristoci ba su ne mutanen ƙasar Hausa na farko da suka isa Urushalima ba. Alhazan Afirka ta Yamma da suke tafiya Makka ta ƙasa, ta Barno, Chadi da Sudan, wasunsu sukan ƙarasa Ƙudus domin ziyartar Masallacin Aƙsa. Wasu sun zauna, musamman a zamanin mulkin Ingila a Falasɗinu. Zuriyarsu suna zaune a tsohon birnin kusa da ƙofar Bab al-Majlis, a gine-gine biyu na zamanin Mamlukawa, Ribat al-Mansuri da Ribat Ala al-Din al-Basir. Asalinsu daga Najeriya, Chadi, Sudan da Senegal ne, kuma akwai Hausawa a cikinsu. Unguwar tasu tana da tazarar 'yan mintuna a ƙafa daga Via Dolorosa, hanyar da ayarin Kiristocin Najeriya suke bi da gicciye zuwa cocin kabarin Yesu, wanda iyalai biyu Musulmi, Judeh da Nusaiba, suke riƙe da makullinsa da buɗe ƙofarsa tun ƙarnoni da suka wuce.